Suɗin Kawu

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da ƙanin mijina da ya ce ba zai bar ni in bi hanyar Birnin Gwari ni kaɗai ba. Hoto ne ya tayar da ni. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin daji ne da ya yi ritaya, yana zaune a Birnin Gwari shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Babban ɗansa da ke Abuja, wanda nake kira Yaya, ya shirya da wani gidan abinci a garin su riƙa kai masa na rana da na dare. Kullum mai gidan abincin sai ya ɗauki hoton kwanon da aka dawo da shi ya tura, ɗan kuma ya jefa mana a zauren danginmu na waya. Kwano fes, ko ɗigon miya babu. Kowa yana ta sa albarka.

Ni kuwa duk hoton da na gani sai ya ƙara mini shakka. A gidan Kawu na tashi, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya cinye abin da ke kwanonsa ba. Komai yunwa, komai daɗin tuwo, sai ya bar suɗi a gefe saboda yara, har kokawa muke yi a kai. Mutumin da ya tsufa yana rage wa yara ba yanzu zai koyi suɗe kwano ba. Na kira shi a waya ya fi a ƙirga, amsar ɗaya ce, lafiya lau, an gode. Shi ne na ce gara in je in gani da idona.

A tashar Mando muka shiga mota. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ya cusa mu kamar buhunan gawayi, da na yi magana ya ce in ina son sarari in sayi kujera biyu. Na sha kokona. Daga Buruku hira ta fara raguwa, muna wuce Udawa ta mutu gaba ɗaya, kowa ya kama carbinsa. An ce hanya ta yi sauƙi yanzu, kuma gaskiya mun wuce lafiya, amma ramukan suna nan, shingayen bincike suna nan, akwai wuraren da waya ba ta da sabis ko kaɗan. Mun ga ƙauyukan da ciyawa ta cinye, mun ga waɗanda mutane suka fara komowa suna sabon rufi. Masara ta yi kyau a gonakin bakin titi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne gawayi, buhu a kan buhu, tuli bayan tuli. Wannan dajin ne Kawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaro, a bakinsa na koyi sunan maɗaci da ƙirya. Yanzu ga su nan a buhu suna jiran mota.

Kafin azahar muka sauka. Ɗan acaɓa ya kai mu unguwar da mutanen gari ke kira layin 'yan fansho, domin kusan duk gidajen na tsofaffin ma'aikata ne, malaman makaranta da malaman gona da wani tsohon ɗan sanda. Wasu a nan suka gina tun suna aiki, wasu rashin zaman lafiya ne ya taso su daga wajen Randagi da Saminaka. Suna zaune a gindin mangwaro da rediyonsu, suna gardamar da suka yi jiya.

Da ƙyar na gane Kawu. Rigar da na sani tana cika da shi yanzu rataye take a kafaɗarsa, hularsa ta sauko har kunne. Na durƙusa na gaishe shi. Bayan mun shiga ciki na ce, "Kawu, kana cin abinci kuwa?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yayanki yana ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka."

Ba mu daɗe ba aka yi sallama, an kawo na rana. Ni na karɓa, ni na buɗe. Wai abincin ƙasar Meziko ke nan. Wata siririyar gurasa ce ta garin masara, an soya ta ta ƙandare, an naɗe ta da dafaffen wake da ɗanyar albasa da wani nama mai jijiya, aka zuba barkono kamar da gayya. Na gutsura. Ni da haƙorana suke cikakku sai da na ji ƙas har cikin kaina, man kuma yana warin wanda aka soya kifi da shi shekaranjiya. Kawu haƙoransa na gaba ne kawai suka rage, ga gyambon ciki da ya daɗe yana fama da shi, kowa a dangi ya san haka. Ya yi bisimilla, ya ɓalli ɗan gefe, ya tsoma a ruwa, ya mamula, ya rufe kwanon. Sai ya miƙe a hankali ya kai shi zaure. Ashe 'yan acaɓa sun san lokaci, har biyu sun kafe babura suna jira. Na ga kumatunsu, na gane inda abincin Kawu yake zuwa.

Da suka gama, Kawu da kansa ya tsuguna a bakin rariya ya wanke kwanon da soso da sabulu. Wannan shi ne hoton da muke sa wa albarka.

Maƙwabcinsa, tsohon hedimasta, shi ya ƙarasa mini labarin. Ba Kawu kaɗai ba ne. 'Ya'yan layin nan da ke birni sun gaya wa juna cewa an buɗe gidan abinci na zamani, kowa ya shiga sahu don kada a ce ya bar mahaifinsa a baya. Tsofaffin kuwa koko suke sha da safe, da rana su jiƙa gari, da yamma shayi da burodi in an samu. Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ku magana?"

Ya ce, "'Yata, abin da ɗa ya aiko ba a kushe shi. In ka ce ba daɗi, kamar ka ce bai iya riƙe ka ba ne. Kwanon mutane kuma ba a mayar da shi da datti."

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da na daɗe ban yi irinsa ba. Na ɗauki mayafina na ce a kai ni gidan abincin. Ƙanin mijina yana biye da ni yana ba ni haƙuri tun ban ce komai ba.

Wurin yana bakin titi kusa da kasuwa. An zana wani mutum da ƙatuwar malafa a jikin allo, an rubuta sunayen abinci da ko mai rubutun ban yi zaton ya iya faɗa ba. Ciki kuwa fanka ba ta juyawa, ƙudaje sun fi masu ci yawa, na leƙa madafa na ga man suya baƙi ƙirin a kasko. Mai wurin saurayi ne mai ladabi, ya ce a wani otal a Abuja ya koyi sana'ar. Da na ce daga layin 'yan fansho nake, har fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Hajiya, ai su ne manyan kwastomomina. Ba su taɓa dawo da ko loma ɗaya ba." Ya zaro waya zai nuna mini hotuna.

Na ce ya mayar da wayarsa. Na tambaye shi ko ya taɓa tsayawa ya ga suna ci. Ya ce a'a. Na ce, "Kai mahaifinka wannan kake kai masa?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Baba tuwo yake ci, ba shi da haƙora."

Abin da na faɗa masa daga nan ba duka zan rubuta ba, don akwai yara masu karanta shafin nan. Ban san Meziko ba, ban san a wace kusurwa take ba, amma ban yarda akwai ƙasar da ake ba tsoho mara haƙori fasasshen kasko a ce abinci ne ba. Ina jin ko mutanen can suka ga wannan sai sun kai ƙara. Abin haushin, masarar nan tamu ce, a kan babur aka ɗauko ta daga Randagi, waken namu ne, barkonon namu ne. Duk abin da tuwo ke bukata yana cikin madafar nan, aka bi aka wahalar da shi har ya fi ƙarfin bakin waɗanda suka noma shi. Saurayin ya sunkuyar da kai. Sai na ga laifinsa rabi ne. Sauran rabin yana wajen masu aiko umarni daga nesa su kwanta da murna don sun ga hoto.

Na shiga kasuwa na sayi garin masara da kuka da daddawa da busasshen kifi. Kayan miya a nan sun fi na Kaduna araha nesa ba kusa ba, abin da ya ƙara mini takaici ke nan. A bayan gidan Kawu akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga Gwaska da jikokinta, a murhunta na tuƙa tuwo mai laushi, ita ta kaɗa miyar. Bayan la'asar na ajiye wa Kawu. Ya wanke hannu ya ci, ya ci, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya ƙoshi sai ya gyara abin da ya rage a gefen kwano, kamar yadda yake yi tun muna yara, ya ce a kai wa jikokin matar nan. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Mun shirya da matar za ta riƙa dafa masa. Kawu ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce, "Kada ki gaya wa yayanki ba na cin wancan. Zai ji kunya." Na yi alkawari. Da na kira ɗan nasa, gyambon cikin kawai na ambata, na ce yana bukatar abu mai laushi. Ya ja numfashi ya ce shi so yake Baba ya ɗanɗani irin abin da manya ke ci, amma a gwada girkin matar na ɗan lokaci a gani.

Washegari da hantsi muka kamo hanya, muka iso Kaduna lafiya, sai ciwon baya da ƙurar titi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, tsohon da ya ce maka alhamdu lillahi a waya bai gaya maka ya ƙoshi ba. In kana da tsoho a gida, ka je ka zauna a gabansa yana ci. Ban kama sunan kowa a nan ba saboda alkawarin da na yi, wanda ya karanta ya gane kansa kuma ba ni na gaya masa ba.

Bayan na dawo, hedimasta ya turo mini hoton kwanon Kawu da tuwo a gefe, na sa a zauren dangi. Nan take yayan nawa ya rubuto, "Kun gani ko? Bai cinye ba. Wancan kuwa tas yake yi da shi." Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na ce masa, "Yaya, da muna yara wa ke ƙwace suɗin Kawu?"

Shi ne, kullum shi ne, don ya fi mu ƙarfi. Na ga alamar ya karanta. Har yau bai ba da amsa ba, amma hedimasta ya ce an daina kawo kwanon gidan abincin, 'yan acaɓa ma sun daina tsayawa a zauren Kawu.