Direban da Ya Hanzarta Mawaƙan Coci

Malam Ɗalhatu, mutumin Gumel da muke ɗaki ɗaya a Sanaiya, unguwar masana'antu a nan ƙasar Larabawa, direban bas ne. Shekara shida ke nan duk safiyar Juma'a yana kai wasu mawaƙa 'yan Filifin cocinsu daga garin Wakra, don Juma'a ce ranar hutu a nan. Sai ya mayar da su gida sannan ya ruga masallaci.

Bana suka ɗauko wata doguwar waƙar ibada mai murya huɗu, wadda aka tsara shekara tamanin da suka wuce. Sau biyu tana sa shi rasa huɗuba. Yakan ce mana shi ba ya ma saurarensu, amma mun sha jin yana gunguninta wajen wanki.

Rannan suna gwaji cikin bas, ya ce wa shugabarsu, "Madam, mazan nan masu kaurin murya ne ke jan ƙafa. Yalla, maza su ɗaga ƙafa!"

Ta gwada, ta ce gaskiyarsa. Juma'ar nan ya samu huɗuba tun daga farkonta. Yanzu kuwa Madam kan nemi ra'ayinsa, shi kuma ya gyara hula ya ce a sake, bai gamsu ba.