Dattijon da Ya Sake Rufi

A ofishin masu haɗa sola na gan shi, wani dattijo dogo, taɓo ya bushe masa har gwiwa. Yana zaune a bakin benci, kamar mai tsoron kada ya ɓata wa mutane wuri.

Ma'aikaciyar tana ba shi haƙuri. "Baba, motarmu ba ta iya tsallake rafinku da damina. Kuma an ce rufin ɗakinka ba zai ɗauki farantin sola ba sai an sake katako."

"Na sake, 'yata," in ji shi a hankali. "Da hannuna."

Ina kallon hannun, duk tsaga ne da kanta. Ina jin manomi ne da bai saba roƙo ba, kuma ba don kansa yake wannan zirga-zirga ba.

"To, ruwa na janyewa za mu zo."

Ya jawo sabuwar fanka daga ƙarƙashin benci, ko ledarta ba a cire ba, ya ɗora a teburinta.

"Ba sauri yanzu. Ki ba wani mai jinya. Zafi ne ke hana uwargidana numfashi, shekaranjiya kuwa muka kai ta makwancinta."