Ɗiyar Mai Albasa a Gaban Alƙalan Konkur

Tsahara Kailu murya biyu gare ta. Ta farko ita ake ji a ofishin taransi da take aiki a unguwar Treichville ta birnin Abidjan, wani ɗan ɗaki a hawa na biyu wanda tagarsa ke kallon katangar tashar jiragen ruwa. 'Yan taransi su ne masu fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar, su cika takardu, su bi layin duwan, wato kwastan. A can za ka same ta da waya a kunne, tana yi wa direba Faransanci, ta juya ta yi wa ɗan dako Julanci, in abin ya kai ga faɗa ta ƙarasa da Hausa. Murya ta biyu kuwa sai ka matso kusa. Ita ke fitowa idan babba ya zauna a gabanta, ko mai kaki, ko duk wanda ya riƙe biro da takarda. Nan da nan idonta ya sauka ƙasa, maganar ta koma raɗa.

Da wannan murya ta biyu ta faɗi konkur sau biyu.

Konkur ita ce jarrabawar gasa ta shiga aikin gwamnati. Dubbai ke zama, kaɗan ake ɗauka. Wadda Tsahara ke nema ta ma'aikatan harkokin ciniki ce, kuma hawa biyu gare ta: a yi ta rubutu, wanda ya tsallake ya je ta baki, ya zauna gaban mutum uku su tambaye shi abin da duniya ke ciki. Sau biyu tana tsallake ta rubutu da maki mai kyau. Sau biyu tana fitowa daga ta baki babu komai. A watan Disamba shekarunta za su wuce iyakar da aka yanka wa masu zama. Bana ce ta ƙarshe, kowa a gidansu ya sani.

A Adjamé Liberté aka haife ta. Mahaifiyarta, Rakiya, Bahaushiyar Bondoukou ce, a nan Côte d'Ivoire, ta wurinta Tsahara ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Mahaifinta, Alhaji Kailu, daga Galmi ta Nijar ya zo yana saurayi, a saman buhunan albasa, kuma har yau albasar yake saukewa a rumfarsa ta Adjamé. Shi ya kai ta lekol, makarantar boko, da hannunsa. Shi ne kuma ya koya mata doka ɗaya tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba: maganar gwamnati ba ta bakin baƙo ba ce. Ya ga shekarun da garin ya rikice, lokacin da ake tare mota a tambayi mutum katinsa na ɗan ƙasa. Ya ga maƙwabcinsa Ibrahimu, wanda ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya a cikin motar haya, ya wayi gari shagonsa toka. Tun daga nan, ko wa ya tambayi Alhaji yadda yake ganin mulki, amsarsa ɗaya: Allah ya ba da zaman lafiya. Da ita ya rayu, da ita 'ya'yansa suka tashi.

Karatu kam Tsahara ta yi shi. Kowace safiya, kafin ta shiga bas, takan tsaya wurin mai jarida, inda maza ke cirko-cirko suna karanta kanun labarai kyauta suna gardama. Ita sai ta sayi ɗaya ta karance ta har shafin baya. Littafinta kashi uku ne: fasaha, mulki, ciniki. Tambaye ta yaushe aka fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, ta ce maka Janairun 2021, hedikwatarta a Accra. Tambaye ta yadda aika kuɗi ta waya ya sauya ciniki a kasuwa, ko abin da dokar kare bayanan mutum ta ƙunsa, ta zayyano maka kamar karatun allo.

Kwana biyar kafin ta baki, Mansur ya ce zai yi mata gwaji. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta, a ofis ɗaya suke. Lokacin abincin rana ya ture kwanonsa na aceke, dambun rogo, gefe, ya ɗora gilashin mai gidansu a kan hanci, ya kumbura murya.

"Madam Minista, zauna. Yaushe aka buɗe sashen kontena na biyu a tashar Abidjan?"

"Ƙarshen 2022. Kai bawan gidanmu, cire gilashin nan kafin mai shi ya dawo."

"A yi shiru a gaban alƙali! To, ke a ganinki, abin ya amfani ƙaramin ɗan kasuwa?"

Ta buɗe baki. Idonta ya sauka kan tebur.

"To... gwamnati dai tana iya ƙoƙarinta. Muna fatan..."

"Zaman lafiya!" Mansur ya buga tebur har cokali ya yi tsalle. "Wallahi na sani! Tsahara, jiya a gabana kika wanke direban nan tas har ya ce miki yi haƙuri Hajiya, alhali ko filin jirgi ba ki taɓa zuwa ba. Ina wannan bakin yake tafiya?"

"Wancan direba ne."

"Su ma mutane ne. Ba tarihin shekaru suke nema ba, wannan yana cikin wayar kowa. So suke su ji ko akwai mutum a cikin rigar. Kina duban ƙasa kina addu'a, su gani suke ɓoye-ɓoye kike yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafin.

Ran Juma'a bayan la'asar ta tafi rumfar mahaifinta. Ana sauke kamiyo, babbar motar kaya, ƙaurin albasa ya cika wuri, 'yan dako na ihu. Alhaji Kailu na zaune a kan benci yana matsa albasa ɗaya-ɗaya da babban yatsa, mai taushi ya jefa gefe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta jira har ya ɗago.

"Baba, Litinin ce jarrabawar."

"Na sani, ɗiyata. An yi sadaka."

"Baba, za su tambaye ni ra'ayina. Sau biyun nan, a nan nake faɗuwa. In ban faɗa ba, ba za su ɗauke ni ba."

Ya ajiye albasar hannunsa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya duk da hayaniyar da ake yi.

"Ra'ayinki a kan mi?"

"Duk abin da ya fito. Ciniki, iyakoki, gwamnati."

"A rubuce suke ɗauka?"

"Suna rubutawa."

"To kin gani. Yau shi ne mai tambaya, gobe wani ne a kujerar, takarda kuwa tana nan ba ta mutuwa. Sunan ubanki na saman ta. Baki shi ke yanka wuya, Tsahara."

"Baba, ni 'yar ƙasar nan ce."

"Ibrahimu ma a nan aka haifi 'ya'yansa." Ya ɗauki wata albasar. "Aikin da sai kin saida bakinki za ki same shi, Allah ya musanya miki da wani. Ki faɗi abin da ke cikin littafi, ki taso."

Ta daɗe a durƙushe. Ya ci gaba da matsa albasarsa, ita kuwa ta tashi ba ta ce ta yarda ba.

Litinin da hantsi aka kira lambarta. Ɗakin aji ne, an kwashe kujeru an bar guda ɗaya a tsakiya. Mutum uku ke bayan dogon tebur: mace mai gilashi wadda ke shugabanta, wani dattijo mai furfura, da wani matashi da ya kwance agogonsa ya ajiye a gabansa. Aka miƙo mata kwali cike da ƙananan takardu a naɗe. Ta zaro ɗaya. Ta warware ta karanta.

Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, da abin da ya shafi ciniki.

Duk cikin kwalin, sai wannan.

Ta fara a hankali. Ta ce CEDEAO ita ce ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Yamma, ficewar ƙasashen uku ta tabbata a Janairun 2025. Ta ce har yanzu suna cikin ƙungiyar masu kuɗin sefa tare da Côte d'Ivoire. Ta ce an sanar da cewa mutane da kaya za su ci gaba da wucewa kafin a kammala tattaunawa. Ta ce ƙasashen uku ba su da teku, tashar Abidjan na cikin ƙofofin da kayan yankin ke bi. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matar ta gyaɗa kai, ta cire gilashinta.

"Madalla. Wannan duk mun sani. Ke fa, me kike gani?"

Fankar sama na ƙara. A waje wani na jan kujera. Tsahara ta ji amsar gidansu ta taso mata har maƙogwaro, a shirye, da Faransancinta da komai. Idonta na kan takalmanta. Matashin ya dubi agogo. Dattijon ya kai hannu ya fara rufe fayil ɗinta.

"Madam," ta ce. Muryar ba ta fita ba. Ta yi gyaran murya, ta sake. "Madam, wanda ya yi daidai tsakanin shugabanni, ba ni da ilimin yanke wannan. Amma ina da ra'ayi a kan albasa."

Matashin ya tuntsire da dariya. Matar ta ɗaga masa hannu.

"Ci gaba."

"Kontena na iya yin wata guda a rana, abin da ke ciki bai san an yi ba. Buhun albasa in ya yi kwana huɗu a kan kamiyon da ke tsaye, ya fara zufa, daga nan sai wari. Duk yarjejeniyar da na karanta, da tsohuwa da sabuwa, wanda ya rubuta ta kontena yake gani. Takardar da nake cikawa a na'ura cikin awa ɗaya, direban da ya taso daga Galmi ba ya iya karanta ta, wayarsa ma ba ta hawa intanet. In aka sauya doka, shi ne na ƙarshen ji, a bakin iyaka zai ji, da kaya a bayansa. Ko an fita ko an zauna, a ganina a ware wa kayan da ke ruɓewa layinsu daban. Sanarwa kuma a riƙa aika ta da saƙon murya, da Hausa da Julanci da Moore, yadda direbobin ke aika wa juna."

Sai a lokacin ta lura da ƙarfin da muryarta ta yi. Dattijon ya sake buɗe fayil ɗin. Ya duba shafin farko, inda sunanta da na mahaifinta suke, ya daɗe yana dubawa.

"Madmazel Kailu. Wato kina gaya mana tsarin da ƙasarki ta sa wa hannu bai cika ba?"

Ya ja kalmar ƙasarki kamar yana auna ta. Da wuya ta ɗago kai, amma ta ɗago, ta dube shi.

"E, yallaɓai. A wannan wurin bai cika ba."

Su ukun suka sunkuya suna rubutu. Ta ji ƙarar biro uku a kan takarda, kuma ba ta san wanne ke rubuta alheri ba.

Mako uku ta yi tana jira. Mansur kaɗai ta gaya wa abin da ta faɗa musu, shi kuwa ya riƙe kai ya ce, "Albasa? Na ce ki yi magana, ban ce ki kai musu miya ba!" Ta rame. In waya ta yi ƙara a ofis sai gabanta ya faɗi. A gida Alhaji bai tambaya ba, ita ma ba ta tayar ba.

Ranar da sakamako ya fito a intanet, shafin ya ƙi buɗewa har kusan azahar saboda yawan masu dubawa. Ita ta kasa kallo, ta juya wa na'urar baya. Mansur ke latsawa yana tsaki. Can ya daina latsawa, ya ƙura wa na'urar ido.

"Mansur?"

"Tsaya."

"Mansur, don Allah."

"Kailu Tsahara," ya karanto. "An ɗauka. Ke, an ɗauka! Wayyo, yanzu sai na riƙa durƙusa wa baiwata!"

Ba ta kira kowa a waya ba. Ta shiga bas ta tafi Adjamé. Ta sami mahaifinta a kan bencinsa, ta durƙusa ta gaya masa. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala sau uku, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya sauke hannun, ya dube ta sosai.

"Mi kika ce musu?"

Ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba, har da tambayar dattijon da amsar da ta ba shi.

"Sun rubuta?"

"Su ukun duka, Baba."

Wani ɗan dako ya zo da tambaya, ya kore shi da hannu. Ya matso da bencin kusa da ita.

"Kwana huɗu kika ce musu?"

"E, Baba."

"Wa ya gaya miki huɗu? Ta rani mai busasshen ɓawo ita ke kai huɗu. Ta damina kwana biyu ne, rana ta uku sai dai a zubar." Ya ƙara rage murya. "In kin shiga aikin, ki gyara musu. Amma kada ki ce ni na faɗa."