Wa Zai Riƙe Wannan Yaron?

Wata safiyar Alhamis ce cikin sanyi, bayan an gama shigar da dawa rumbu, a shekarun da Turawa ke kwasar mutane zuwa aikin kuza. Wanzami ya iso garinmu Yammedi da zabirarsa, aka jera yaran unguwarmu a bayan gidan mai unguwa domin kaciya, kowane yaro da babban da zai zauna bayansa ya riƙe shi. Ni kuwa na saci jiki na shiga ƙarshen layi, ba wanda ya aike ni, ba kuma kowa a bayana. Na fi duk yaran tsawo, har na riƙa ranƙwafawa don kada a lura da ni. Ba askar nake tsoro ba. Tsorona kada a fitar da ni daga layin kamar yadda aka yi bara.

Mahaifina yana cikin waɗanda aka tafi da su aikin kuza, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyata ta rasu da damina ta gaba. Tunda ba wanda ya zo da labarin mutuwarsa, sai baffannina biyu, Baffa Ɗanladi da Baffa Sule, suka ce ba su da ikon ba da ɗan mutum yana raye. Sai aka mai da ni ɗan karɓa-karɓa. In yi noman fari a gidan wannan, in yi cirar gyaɗa a gidan wancan, in na yi laifi kuma kowa ya ce tarbiyyar ɗaya gidan ce. Ba zan ce sun bar ni da yunwa ba, Allah ya ji ƙansu. Na yi kiwon awakinsu, na kori tsuntsaye a gonar gero, na yi langa da 'ya'yansu a dandali. Amma tabarmata kullum a naɗe take, don ban san inda zan kwana wata mai zuwa ba. Komai nawa ya taso, amsar ɗaya ce: "A dakata sai ubansa ya dawo." Da ita aka ɗage kaciyata har yara suka hana ni wanka tare da su a rafi saboda tsiya.

Akwai mutum ɗaya da ya daɗe yana nema a ba shi riƙona, Malam Iro marini na Rogo Sabon Gari, mijin ƙanwar mahaifiyata. Shi ma da wannan amsar ake sallamarsa. Ran nan ya kwana garinmu da jakinsa kan hanyarsa ta kasuwar Ƙaraye, yana tsaye cikin masu kallo.

Layi ya yi ta raguwa har ya zo kaina. Wanzami ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi mutane, ya ce, "Wa zai riƙe wannan?" A garinmu wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Wanda ya riƙe yaro ranar, a gidansa yaron zai yi jinya, shi zai yanka masa kaza, shi kuma gari zai riƙa kira ubansa. Baffa Ɗanladi ya dubi Baffa Sule, shi kuma ya sunkuya yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya aka make shi. Na ji hawaye na tahowa, na fara ja da baya.

Sai na ji hannu a kafaɗata, baƙi ƙirin da shuni. Malam Iro ne. Baffa Ɗanladi ya taso da sauri ya ce, "Malam, in ubansa ya dawo fa?" Malam Iro bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In Allah ya dawo da shi, Yaya, sai ya tarar da ɗansa a gida ɗaya, ba sai ya bi ƙofa-ƙofa yana cigiya ba." Ya zauna, ya jawo ni jikinsa. Baffannina ba su ce sun yarda ba, ba su kuma hana ba, wanzami kuwa bai jira su ba.

A kan jaki aka kai ni Rogo, a can na yi jinya, a can na koyi rini, daga gidan aka yi mini aure. Malam Iro bai taɓa sauya mini sunan uba ba, bai kuma taɓa bari na ji ni baƙo ne ba.

Yanzu an ce akwai gidajen marayu a birni, da gadaje da makaranta, yara na zaune ana ta bincike da shawara kafin a miƙa su ga mai so. Na san don alheri ake yi, baffannina ma don amana suka yi. Sai dai yaro ba ya daina girma don manya ba su gama shawara ba. Mahaifina bai dawo ba. Da an ci gaba da dakatawa, da har na yi furfura ana jiransa.