Sarkin Birki da jan takalmina

Kamfanin yawon buɗe ido ya kori direban da ya fitar da ni daga ruwa. Laifinsa wai ya bar mota a buɗe. Saboda ni ya bar ta, don haka ni zan faɗi yadda aka yi.

Na je ganin 'yata ne a ƙasar da take aure. Ita da mijinta suka dage sai sun kai ni na ga teku, a hau dutse, a kwana a tanti. Na ce na baro gadona da katifa a gida, me na yi muku za ku kwantar da ni a ƙasa? Surukina ya ce, "Mama, ai mutane har layi suke yi." Na ce Allah ya shirye su. Amma na bi su.

Da sassafe muka shiga motar kamfanin, mu da wasu baƙi. Ni in na zauna a baya amai nake yi, sai aka ba ni kujerar kusa da direba. Dattijo ne gajere, da furfura har a gira. Abokan aikinsa suna kiransa Sarkin Birki, kuma ba su yi masa ƙarya ba. A kwana, birki. A gangara, birki. Tsuntsu ya gifta, birki. Wani mai ƙatuwar kyamara a wuya ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Direba, ko mu sauka mu tura ne?"

"Sauka ka riga mu," in ji shi, "ka ɗora mana ruwan shayi."

Da muka hau titin bakin teku na daina jin haushin birkin. Titi ne siriri, dutse a dama, a hagu kuma rami, can ƙasa ruwa yana dukan duwatsu yana kumfa. Na ƙanƙame kujera ina salati.

"Saki jikinki, Mama," ya ce, don ya ji haka 'yata take kirana.

"Ka girme ni kake ce min Mama?"

"To, ƙanwata."

Da guntun turancina na sakandare da nasa guntun muka yi ta hira. Da wankin mota ya fara a tasha, daga nan ya ja motar kifi shekaru masu yawa, har yau matarsa tana cewa ƙarnin bai bar shi ba. Matar tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shi yake yi mata wanka, ya dafa abinci ya rufe, kafin ya fito. In tafiyar kwana ce, autarsu mai karatun jinya take zuwa ta kwana da ita. Ya ce ba ya riƙe fuskar fasinja, kowa da hula da tabarau, amma yana kallon matakala lokacin da ake shiga, da takalmi yake gane mutanensa. Ya leƙa ƙafata. Takalmin roba ne ja, mai fure a sama.

"Da wannan za ki hau dutse?"

"Da shi na hau jirgi," na ce.

Bayan azahar aka ajiye mota a wani fili, jagora ya ja mu muka fara hawa. Ban yi nisa ba gwiwata ta ƙi. Na ce wa 'yata su wuce, zan koma mota. Ta so ta raka ni, na ce kada ta mai da ni tsohuwa a gaban mutane.

Amma ban koma motar ba. Na hangi wata 'yar hanya ta gangara bakin ruwa, na bi ta. Yashi ne shimfiɗe, ruwan ya ja da baya can nesa. Na cire takalmana na ɗora kan wani dutse, na taka a hankali, sanyin yashin yana shiga gwiwata yana min daɗi. Na zagaya bayan wani babban dutse, na sami lungu shiru, na yi la'asar, na jingina. Barci ya ɗauke ni.

Mu kogi muka sani. In ya janye, ya janye ke nan sai damina. Ba wanda ya taɓa gaya min cewa teku yana tafiya da rana ya dawo da yamma.

Sanyi a ƙafa ne ya tashe ni. Hanyar da na zagayo ta zama ruwa. Bayana dutse ne a miƙe, ko akuya ba za ta hau shi ba. Wayata tana jakar 'yata. Na yi kira, ni kaina ban ji muryata ba saboda ƙugin ruwan.

Direban kuma yana tsaye a gefen filin yana shan shayinsa, ya leƙa ƙasa, ya ga jan abu a kan dutse, ruwa yana lasarsa. Ya san takalmin. Ya san mai shi ta ce dutse za ta hau. Dokar kamfani ita ce direba ba ya barin mota in da kaya a ciki. Ko ƙofa bai tsaya rufewa ba.

Na gan shi ya ɓullo ta gefen dutsen, ruwa har ƙirjinsa, yana dafa dutse yana tahowa.

"Ƙanwata, kama wuyan rigata."

"Ni? In riƙe ka?"

"Ajiye kunyar nan a nan, gobe ma zo mu ɗauka. Kama."

Na kama. Ni ba ƙaramar mace ba ce, shi kuma na faɗa muku gajere ne. Igiyar ruwa ta buga mu da dutse, goshinsa ya fashe, na sha ruwan gishiri har ta hanci. Duk inda ya sa ƙafa sai ya tsaya ya gwada kafin ya ja ni. Har cikin ruwan ma birki yake takawa. Haka muka fito.

Da muka hau filin, ayari ya sauko, 'yata tana zagaye mota tana kuka. Ana cikin haka mai kyamara ya ce jakarsa ta biyu, da ya bari a kujera, babu ita. Wani ya shiga ya ɗauke.

Direban nan, jiƙe sharkaf, da tsumma a goshi, shi ya ja mu zuwa wurin kwana. Shi ya kafa min tanti, don surukina ya yi ta juya sandunan ya rasa kansu. Kafin magariba aka hura wuta, na lulluɓa masa bargon 'yata, na zauna ina kallon ruwan da ya so cinye ni ya koma ja saboda faɗuwar rana. Ban taɓa gode wa Allah kamar ranar ba. Kwanan ƙasan ma ya yi min daɗi.

Ban bar ƙasar ba muka ji an sallami direban. Mai kyamara ya kai ƙara. Na je ofishin da ƙafata, wata mata ta ba ni ruwa a kofin takarda, ta ce sun ji daɗi da na tsira, amma ƙa'idar aiki ce. Na ce da ya tsaya gadin jaka, yau gawata za ku yi wa wannan bayanin? Ta ce za ta isar da saƙo.

Na kira shi jiya. Yana gida, ya ce matarsa ta gaji da ganinsa. Bai zagi kowa ba, ni ce ma yake ba haƙuri. A shekarunsa ba wanda zai ɗauke shi sabon aiki, shi ma ya sani.

To ni ban haƙura ba. Masu kamfanin nan, ku mai da shi bakin aikinsa, a motarsa, a hanyarsa. Ku goge korar daga takardunsa. Kuma manajan da ya sa hannu ya taka har gidansa, ya ba shi haƙuri a gaban matarsa.