Tudun Ladan Fannami

Mahaifina Fannami masunci ne a wani ƙauye kusa da Baturiya. Karatunsa bai wuce izu biyar ba, amma Allah ya ba shi murya, kuma shekara talatin shi ne ladanin garin. Akwai wani tudu a bayan masallaci wanda ambaliya ba ta taɓa hawansa ba. A kansa yake tsayawa ya kira salla, don masu kwale-kwale a cikin fadama su ji. Ko zazzaɓi ya kayar da shi, lokaci na yi sai ya miƙe kamar ba shi ba. Iya, mahaifiyata, takan ce kiran salla ne abincinsa, tuwo ƙari ne kawai.

Ni ne Inuwa, ɗansa na fari. Na yi elementare, En'e ta ɗauke ni aikin ba da magani a Haɗeja zamanin Turawa. Da na ga kaina cikin farar riga da 'yan kwalabe a gabana, sai na ɗauka babu ciwon da zai gagare ni.

Wata damina tari ya kama Baba, na je da kaina na ɗauko shi zuwa Haɗeja, na ce wa mutanen gari da ruwa ya janye zan dawo da shi. Ya roƙe ni in bar shi, ya ce yana shan rubutu, in aiko da maganina ya haɗa. Na ƙi. Na ce iskar tudun nan ce ke dukan ƙirjinsa sau biyar a rana. Ban kuma yi ƙarya ba, shi ya sa abin yake cina har yau.

Cikin wata guda tarin ya tafi, ina ta hura hanci. Amma mutum sai ramewa yake. Masallacin unguwarmu da ladaninsa, ba wanda ya nemi Baba. In an kira salla sai in ga ya kai hannu kunne, leɓensa na motsi, can kuma ya sauke hannun. Sau uku yana cewa in mayar da shi gida, ina cewa sai ruwa ya janye. A na ukun ya dube ni ya ce:

"Maganinka ya yi aiki, Allah ya yi maka albarka. Amma ni a nan ban san me nake tashi in yi ba."

Dariya na yi, na ce rigimar tsufa ce. Na auna ƙirjinsa, ban ji komai ba, na tafi aiki.

Ya rasu da kaka, ruwa bai gama janyewa ba. Muka binne shi a Haɗeja, washegari na shiga kwale-kwale in kai wa Iya labari da bakina. Na isa ana kiran la'asar. Shu'ibu, abokin kamun kifin Baba, shi ke kiran, yana tsaye a gindin tudun, muryar ko bakin ruwa ba ta kaiwa sosai. Saman tudun ciyawa ta rufe shi.

Da ya gama muka gaisa, na rasa ta inda zan fara, sai na tambaye shi me ya hana shi hawa.

"Ai wurin mai shi ne," in ji Shu'ibu. "Ka ce da ruwa ya janye za ka dawo mana da shi."

Na juya, sai ga Iya a ƙofar gida, tana leƙen bayana.