Baƙunta A Gidan Da Babu Mai Gida

Shekarun baya, bayan maiɗakina ta tashi daga jinyar aikin da aka yi mata a gwiwa, babbar 'yarmu ta kama mana ɗaki a wani ƙaton otel na bakin teku, can ƙarshen Queens. Bari in fara da dalili, don ni ba na son labari ya fara daga tsakiya.

Tun da muka zo New York matar nan ba ta zauna ba. Ni ina da tebur a Bronx, ina sayar da turare da huluna da carbi. Ita kuma gidanmu ne masaukin duk wanda ya sauka daga jirgi bai san inda zai dosa ba. Ta dafa, ta zuba, ta aika wa maƙwabta, ta wanke. Tana kwance a asibiti ta ce da ni, "Alhaji, an ce garin nan a bakin teku yake. Ni ban taɓa zama na kalle shi ba." Na ce in Allah ya ba ta lafiya zan kai ta gaban ruwan nan ta zauna, ba ta yi wa kowa hidima. A gaban 'yarmu na faɗa, ita kuma ma'aikaciyar jinya ce, ba ta manta magana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yarinyar ta kai mu a motarta, ta ce za ta dawo ta ɗauke mu Lahadi kafin azahar. Ni na riga na tsara komai a kaina. Juma'a a huta. Asabar da sassafe a sauka bakin ruwa, a wuni a can.

Ɗakin ya ba ni tsoro. Bango guda gilashi ne tun daga sama har ƙasa, teku na bayansa. Labule ba a jansa da hannu, maɓalli ake dannawa. Gadon kuwa, in ka kwanta a wannan gefe sai ka ɗaga murya na wancan gefen ya ji ka. Na ajiye butarmu a banɗaki, na nemo alƙibla da waya, na jera takalma a bakin ƙofa. Hankalina ya ɗan kwanta.

Muna idar da la'asar aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce cikin kayan aiki, riƙe da babban faranti: abarba a fere, inabi, tuffa, da wasu 'yan alawa. Turancina na kasuwa ne, amma na gane ta ce daga gidan aka aiko mana.

"Ikon Allah," in ji maiɗakina. "Ashe masu gidan nan sun san mutunci."

Muka ci. Ta ɗauki farantin ta wanke shi a banɗaki, ta goge tas. Sai ta ce in miƙo mata jakar guzuri.

"Me za ki yi, Hajiya?"

"Faranti zan mayar."

"To ki mayar mana."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Haka nan? Ba komai a ciki? A gidan wa ka taɓa ganin an yi haka?"

Gaskiyarta. A wurinmu in maƙwabci ya aiko da kwano, ba a mayar masa da shi wayam. Ta zuba dabinon Madina da wata ƙawarta ta kawo mata dubiya, ta rufe da sabon hankici, ta ajiye a bakin ƙofa daga waje. Da muka fito za mu sauka cin abinci bayan magariba, babu faranti. Ta yi murmushi ta ce sun karɓa.

Muka dawo muka tarar an shiga ɗakin. An ja labule, an buɗe gefen bargo, an jera silifas farare a gaban gado, an ɗora cakulan a kan kowane matashi, ga wani ɗan faranti da biskit. Ni raina ya ɓaci, don ban ga dalilin da wani zai shiga ɗakin da iyalina suke ba tare da sallama ba. Ita kuwa wani abu daban ta gani.

"Ka gani ko? Dabinon ya yi musu daɗi. Sun sake aikowa."

Asabar da safe na sa hula, na ɗauko mata sandar da take dogarawa, na ce bismilla. Ta ce in dakata tukuna. Ta wanke ɗan farantin, ta ɗora kilishi, ta ce in kawo kwalba ɗaya cikin turaren da nake yawo da shi a jaka. Na ce wannan na sayarwa ne. Ta ce yau na bayarwa ne. Aka ajiye a ƙofa.

Ba a jima ba aka sake ƙwanƙwasawa. Wannan karon tebur ne sukutum mai taya aka turo, da kwanuka masu murfin ƙarfe, ƙwai, burodi kala-kala, shayi, zuma, har da fure a kofi. Maiɗakina ta zauna a bakin gado, ta riƙe haɓa.

"Mutanen nan so suke su kunyata ni."

Ta zazzage jakar guzuri a kan gado. Saura ɗan kilishi, da garin kunu, da yaji. Ta juya wa gilashin nan baya tana lissafin abin da za ta iya haɗawa ba murhu. Rana tana hawa, mutane sun cika yashi, ni ina tsaye da sanda a hannu kamar mai gadi. A ƙarshe ta ce in kira 'yarmu ta kawo tukunya da dambun naman da ke firji.

Na kira, na sa a lasifika. Yarinyar ta saurara, sai ta fashe da dariya.

"Mama, karin kumallon ni na biya. Na jiya kuma complimentary ne."

"Me ta ce?" in ji uwar.

"Wai kyauta ne."

"To ai shi ya sa! Da saye ne wa zai damu?"

"Mama, don Allah ku je bakin ruwa. Ba wanda yake jiran komai daga wurinku."

"Ke aka haifa a nan, ba ni ba," ta ce, ta miƙo mini wayar.

A nan na zauna na bi abin daki-daki, na ga inda tsari ya karkace. Baƙo in ya sauka, abu na farko shi ne ya gai da mai masauki. Mu mun tsallake wannan, mun shiga aike-aike da mutumin da ba mu gani ba. In na je na gaishe shi, na yi godiya baki da baki, na ce masa ya isa haka, magana ta ƙare. Na sa babbar riga na sauka.

A wurin karɓar baƙi na ce ina son ganin mai gidan. Suka kira manaja, wani mutum mai fara'a da furfura a gemu. Ya tambaye ni ko akwai matsala. Na ce babu, gaisuwa na zo. Na tambaye shi ko shi ne mai gidan. Ya ce a'a, otel ɗin na kamfani ne. Na ce to mai kamfanin fa? Ya ce wani kamfanin ne ya mallaki wannan, a wani gari, shi ma na mutane ne da yawa waɗanda ba su san juna ba.

"To wa ya aiko mana da abarba?"

Ya duba kwamfuta. Ya ce lokacin da 'yata ta kama ɗakin ta nuna cewa uwarta ta tashi daga jinya, kwamfuta ta sa alama, kicin suka ga alamar. Duk mai irin wannan alama haka ake yi masa. Cakulan da silifas kuma kowane ɗaki ake sa wa.

Na ce dabinonmu fa, da kilishi? Bai gane ba sai da na yi bayani sau biyu. Ya buga waya, ya saurara, fuskarsa ta canja. Ya ba ni haƙuri ƙwarai. Ya ce a ƙa'idarsu duk abincin da aka samu a bakin ƙofa saura ne, zubarwa ake yi. Turaren kuma an kai shi wurin ajiyar kayan da baƙi suka manta. Aka kawo mini kwalbata a cikin leda, da lambar ɗakinmu a jiki.

Na daɗe a tsaye a bakin ƙofarmu ban shiga ba. Ban saba yi mata ƙarya ba, kuma ban iya ba. Na shiga na faɗa mata yadda aka yi, daga farko zuwa ƙarshe.

"Dabinon Madina?" ta ce.

"Shi."

Har na fara tunanin in kira yarinyar ta zo ta mayar da mu gida. Can sai ta ce, "Abarbar da muka ci, kwamfuta ce ta fere ta?"

Na ce a'a.

"To akwai mutum ke nan."

Ta ja kujera ta ajiye a bakin ƙofa daga ciki, ta zauna da kwalbar turaren a cinya. Azahar ta yi, muka yi salla, ta koma kujerarta. Ni ina kallon ranar Asabar ɗina tana tafiya ta gilashi. Wajen la'asar wata dattijuwa mai gyaran ɗakuna ta ƙwanƙwasa. Maiɗakina ta buɗe, ta kama hannun matar, ta danƙa mata kwalbar, tana ta zuba mata godiya da Hausa. Matar ta ja da baya tana girgiza kai, ta dube ni. Na ce mata da Turancina na kasuwa, "Baiwar Allah, karɓi. In ba ki karɓa ba, matar nan ba za ta ga teku ba."

Ban san me ta gane ba. Ta buɗe kwalbar, ta shafa a wuyan hannu, ta shinshina, ta yi dariya, ta dafa ƙirjinta. Na buɗe baki zan ce ai ba wannan ce ta fere abarbar ba, sai na rufe.

"Alhamdu lillahi, na fita kunya," in ji maiɗakina. "Ina sandata?"

Muka sauka a hankali. Yashi yana ba gwiwarta wuya, na riƙe ta har kujerun otel ɗin da ke gaban ruwa. Ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa, iska tana kaɗa mayafinta. Ta ce, "Ashe haka yake da ƙara." Can na hango wani ma'aikaci ya nufo mu da tire, da kofuna biyu na ruwan lemo a kai. Na tashi da sauri na tare shi tun daga nesa da hannu biyu. Ita ba ta ma gan shi ba, ruwa take kallo. Muka zauna har rana ta yi ja.

Abin da na ɗauka daga wannan tafiya kaɗan ne. Na gane matar da ta shekara da shekaru tana ciyar da mutane ba ta iya karɓa haka kawai ba, sai ta ga hannun da za ta sa wa wani abu. Yanzu in yara za su yi mata alheri, nakan ce su bar mata ƙofar ramawa, ko da kunu ne.

Sauran kuwa har yau bai zauna mini ba. Ranar Lahadi 'yarmu ta ce ba sai mun ga kowa ba, mu jefa katin buɗe ɗaki a akwatin da aka tanada mu wuce. Na jefa. Na tsaya a bakin babbar ƙofa da jaka a hannu, don ban taɓa barin gidan da na kwana ban yi sallama ba. Na juya na ce, "To, mun gode, Allah ya saka da alheri." Ƙofar gilashin ta buɗe da kanta, ta jira na fita, ta rufe.